Na'urar Allura da Takarda a Jikin Kaya Masu Tsada: Tambayoyi da Amsoshi

Idan aka sauke babbar taransfoma daga jirgin ruwa a Apapa ko Onne, mai lura zai ga wani ɗan akwatin ƙarfe an ɗaure shi tamau a jikinta, an buga masa hatimi. Aikinsa rubuta duk wata buguwa da kayan suka sha tun daga ƙofar masana'anta har inda za a girka su. Yawancin irin waɗannan akwatuna a yau na dijital ne, amma tsohon samfurin nan mai allura da takarda bai bar kasuwa ba. Ga tambayoyin da masu shigo da kaya, injiniyoyi da ma'aikatan inshora suka fi yi a kansa.

Yaya wannan na'ura take aiki?

A cikin akwatin akwai 'yan ƙarafa masu nauyi da aka rataye da sifirin, kowanne an haɗa shi da allura. Galibi uku ne: ɗaya na jin motsin gaba da baya, ɗaya na gefe da gefe, ɗaya na sama da ƙasa. A ƙarƙashin allurorin akwai naɗin takarda mai rufin kaki, tana tafiya a hankali. Abin da ke jan ta shi ne ko dai injin agogo mai wani, ko ƙaramin injin lantarki mai amfani da batir na gama-gari. Muddin kaya na zaune lafiya, allura za ta riƙa jan miƙaƙƙen layi. Da zarar an buga kayan, akwati zai zabura tare da su, ƙarfen da ke rataye kuwa sai ya ɗan saura a baya saboda nauyinsa, allura ta kauce ta karci takarda a gicciye. Tsawon karcin shi ne ƙarfin bugun. Wurin da ya faɗo a jikin takarda shi ne lokacin da abin ya faru, domin an san santimita nawa takardar ke ci a kowace awa.

Babu tawada a ciki. Allura kankare kakin kawai take yi, launin da ke ƙasa ya bayyana, don haka babu zancen tawada ta bushe a zafin Sahel ko ta daskare a sanyin Turai. Sunan da ya fi shahara a wannan fanni shi ne Impact-O-Graph na Amurka.

Mene ne wannan "g" da ake rubutawa a gefen takardar?

Ma'aunin fizga ne. 1g daidai yake da ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi, wato mita 9.81 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Idan kaya suka sha 3g, to a wannan ɗan lokacin kowane ƙusa da kowane maɗauri a cikinsu ya ɗauki nauyin da ya ninka nasa sau uku.

Kaya sun iso, babu lotsawa babu karce. Me ya kawo zancen lalacewa?

Ai nan gizo ke saƙar. Ɗauki taransfoma mai nauyin tan 150. Abin da ido ke gani tankin ƙarfe ne kawai. A ciki akwai jibgin fallayen ƙarfe da aka jera, da wayoyin jan ƙarfe da aka nannaɗe aka lulluɓe da takarda, an tokare su da katako da matsattsen kwali. Manyan taransfomomi ba a cika ɗauko su da mansu ba. Ana juye man a cika tankin da busasshiyar iska ko iskar naitirojin don rage nauyi da hana danshi shiga. Bugu ɗaya mai ƙarfi zai iya zamar da naɗin wayar da 'yan milimitoci, ko ya sassauta tokarin, ko ya yaga takardar da ke raba waya da waya. Tankin ba zai nuna komai ba. Za a zuba mai, a haɗa wuta, ta yi aiki lafiya lau wata shida ko shekara biyu, sai ranar da aka sami matsala a layi wuta ta fizgi naɗin da ƙarfi, ta ƙone. A lokacin jirgin da ya kawo ta ya yi zagayen duniya sau da dama, direban tirelar ma ba a san inda yake ba. Samun wata kuwa sai an jira fiye da shekara, domin kowace babbar taransfoma ƙera ta ake yi bisa oda.

Haka abin yake ga injin hoton asibiti na MRI, wanda maganaɗisunsa ke rataye a cikin tukunya mai ruwan hiliyam a sanyin da ya kai digiri 269 ƙasa da sifiri, da injinan jiragen sama, da manyan injinan buga takardu. Duk ɓarnarsu ta ciki ce.

To ga na'urar dijital, har da mai GPS da ke turo saƙo a waya. Me ya rage wa tsohuwar?

Abubuwa uku ne, kuma ba girmansu ɗaya ba.

Babba a cikinsu shi ne kowa na iya karanta ta nan take. Kaya masu tsada ba hannu ɗaya ke kai su ba: masana'anta ta miƙa wa mai tirela, shi ya miƙa wa tashar jiragen ruwa, jirgi ya ɗauka, wata tashar ta sauke, kwastan su riƙe, wani mai tirelar ya karɓa. A kowace miƙa akwai wanda zai sa hannu ya ce ya karɓa lafiya. Idan na'urar mai takarda ce, sai a buɗe a gaban kowa, a duba layin, a ja alama, a rubuta rana da lokaci da sunan wuri a jikin takardar, mai bayarwa da mai karɓa su sa hannu. Direba ya gani da idonsa, wakilin inshora ya gani. Ba a neman kwamfuta, ba a neman wayar haɗi, ba a neman lambar sirri daga wani ofis a Jamus ko Indiya da ya riga ya tashi aiki. Wanda ya taɓa ganin mutum shida tsaye cikin rana saboda manhajar da za ta buɗe bayanan ta ƙi hawa kwamfutar injiniya, ya san darajar wannan. Mutane sun fi yarda da shaidar da suka gani tare, kuma rigimar kaya rabinta rigimar yarda ce.

Na biyu, hanyoyin da take mutuwa daban ne da na dijital. Ta dijital tana mutuwa idan batir ya ƙare, ko sanyi ya kashe shi, ko ma'adanar bayanai ta cika, ko wani ya yi kuskure wajen saita ta. Wannan na ƙarshe ya fi yawa fiye da yadda ake zato: a sa mata iyakar farkawa, wato ƙarfin bugun da zai sa ta fara rubutu, ta yi sama da yawa, ta yi tafiyar gaba ɗaya ba ta rubuta komai ba, ko a sa ta ƙasa da yawa ta cika kanta da gargadar hanya tun kafin a kai teku. Mai allura ba ta da saiti irin wannan, layinta a jere yake daga farko har ƙarshe. Tana da nata ciwon, amma da wuya abin da ya kashe ɗaya ya kashe ɗayar a rana ɗaya. Shi ya sa masu hankali ke ɗaura biyun tare.

Na uku ƙarami ne: abin da ta riga ta rubuta ba ya gogewa. Ko injin ya tsaya, ko akwatin ya fashe, karcin da ke kan takarda yana nan, kuma bayan shekara goma ma ido zai karanta shi ba tare da neman tsohuwar manhaja ba.

Maganar GPS kuwa, a tsakiyar teku ko a cikin kwantenar ƙarfe da aka danne da wasu kwantenoni, babu sabis ɗin da za ta tura saƙo da shi. Tana ajiyewa ne ta turo daga baya.

Ke nan ta fi ta dijital?

A'a, ko kusa. Wajen auna bugu daidai, ta dijital ta yi mata nisa, kuma duk mai sayarwar da ya ce maka ba haka ba, hajarsa yake tallatawa. Tsohuwar tana da rauni da ya kamata mai kaya ya sani. Ƙarfe da sifirin suna da saurin lilo nasu na halitta. Idan girgizar mota ko ta jirgin ƙasa ta yi daidai da wannan saurin, allura sai ta riƙa tsalle fiye da kima, ta nuna bugun da bai kai haka ba. Takardar tana tafiya a hankali ƙwarai, don haka bugu biyar da aka yi cikin minti ɗaya za su hau kan juna su zama karce ɗaya mai kauri. Lokacin da take bayarwa na kusa-kusa ne, ba na daƙiƙa ba. Ba ta faɗin inda abin ya faru, sai an haɗa da littafin tafiyar jirgi ko na direba. Takarda na iya maƙalewa, danshi na iya taɓa ta. Mafi muni kuma, takarda na ƙarewa: akwai naɗi na wata ɗaya, akwai wanda ya fi haka, amma tafiya daga Asiya zuwa Legas kaɗai na iya cin wata guda ko fiye, kafin a zo ga zaman jiran takardun kwastan. Idan ba wanda ya sauya naɗin, za a bar tasha da na'urar da ta riga ta yi shiru, alhali sashen da ya fi wahala yana gaba.

A ganina, wanda zai ɗauko babbar taransfomar layin wuta na 330kV zuwa tashar wuta ta Kumbotso a Kano ko ta Mando a Kaduna da na'urar allura kaɗai ya yi ganganci. Wanda kuma ya ɗaura ta dijital guda ɗaya tak ya ce ya gama, shi ma bai tsira ba.

Shin lambar da ta fi girma ita ce ta fi haɗari?

Ba koyaushe ba, kuma wannan ne wurin da aka fi yin gardamar banza. Ƙarfin bugu abu ɗaya ne, tsawon lokacin da ya ɗauka wani abu ne. Idan ɗan dako ya sauke sarƙa ta daki tankin kusa da na'urar, ta dijital na iya nuna 10g ko fiye, amma na daƙiƙa ɗaya cikin dubu ne. Bangon tankin ne ya yi ƙara, tan 150 ɗin bai motsa ba. Amma 3g da ya ɗauki kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kamar lokacin da tarago ya daki tarago, ya tura kayan gaba ɗayansu, kuma shi ne ke zamar da naɗin waya. Ta dijital tana rubuta siffar bugun da tsawonsa, injiniya ya tantance. Mai allura ba ta rubuta tsawon lokacin, sai dai nauyin jikinta kan sa ba ta cika kula da gajerun ƙararraki ba, abin da ya sa wani lokaci takardarta ta fi sauƙin fahimta ga wanda ba injiniya ba.

Iyakar da aka yarda da ita kuwa, masana'anta ce ke faɗa, kuma ya kamata a rubuta ta cikin kwangila tun kafin kaya su tashi, kowace fuska (gaba da baya, gefe da gefe, sama da ƙasa) da tata lambar. Ga masu taransfoma akwai jagorar C57.150 ta ƙungiyar injiniyoyin lantarki IEEE, wadda aka fara fitarwa a 2012, wadda ta shafi jigilar masu ƙarfin 10,000 kVA zuwa sama.

A ina kaya suka fi shan bugu?

Ba a tsakiyar teku ba, kamar yadda mutane ke zato. Lilon jirgi a hankali yake, matsalarsa ta ɗauri ce. Bugu na zuwa ne wurin ɗagawa da saukewa, da wurin haɗa taragu. Asalin yaɗuwar waɗannan na'urori ma daga layin dogo na Amurka ne, inda ake sakin tarago ya gangaro daga tudu ya je ya haɗe da 'yan'uwansa. Ƙa'idar da kamfanonin jiragen ƙasan can suka daɗe a kai ita ce kada gudun haɗuwar ya wuce mil 4 a awa, kimanin kilomita 6 da rabi. Dalili kuwa, idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin karon sau huɗu yake ninkawa. Har yau ana manna wa taragun kaya masu laushi rubutun da ke hana a gangaro da su ta tudun.

A yankinmu, lissafa yawan sauyin hannu. Kayan da za su Njamena ana sauke su a Duwala ta Kamaru, su hau jirgin ƙasa kusan kilomita 900 zuwa Gaundare, a sake ɗaga su zuwa kan tirela, su bi ta Kusiri. Na Kano kuwa kimanin kilomita 1,000 ne a kan kwalta daga Legas, da ramuka, da tudun rage gudu da mutanen gari ke ginawa ba bisa awo ba, da sauka daga titi zuwa hanyar ratse inda ake gyara.

Takardar tana da wani tasiri wajen inshora ko kotu?

Tana da shi, amma sai an yi sauri. Dokokin jigila sun ba da ɗan gajeren wa'adi na sanar da ɓarnar da ba ta fito fili ba. A ƙarƙashin dokokin jigilar teku na Hague-Visby kwana 3 ne bayan karɓar kaya, ƙara kuma cikin shekara ɗaya. Dokokin Hambog na 1978, waɗanda Nijeriya ta shigar cikin dokarta a 2005, sun ba da kwana 15 da shekara biyu. A jirgin sama, Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999 ta ba da kwana 14, kuma a nan idan wa'adin ya wuce ba a rubuta koke ba, ƙofar ƙara ta rufe. Wace doka ce ta hau kan kayanka, wannan lauya ne zai duba takardar lodin jirgi ya faɗa maka. Abin lura shi ne, babu wanda zai iya girka taransfoma ya gwada ta cikin kwana 3. Takardar na'urar ce ke ba ka hujjar rubuta wasiƙar koke tun ranar da kaya suka iso.

Kada kuma a dogara da diyyar mai jirgi. Hague-Visby ta taƙaita ta ga SDR 2 kan kowane kilo, Hambog SDR 2.5, SDR kuwa kuɗin lissafi ne na Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Ga injin asibiti da kowane kilonsa ya ninka haka sau da yawa, wannan ba komai ba ne. Inshora ce madogara. Sai dai ko sharuɗɗan inshorar kaya mafi faɗi, waɗanda ake kira sharuɗɗan A, sun cire asarar da rashin ɗaure kaya da kyau ya jawo. Nan takardar ke raba gardama. Idan ta nuna bugu mai tsanani a rana kaza, da wuya kamfanin inshora ya iya cewa ɗauri ne ya gaza. Idan kuma layin miƙe yake tsaf amma kaya sun lalace, to yatsa ya koma kan masana'anta ko wanda ya yi ɗaurin. Na'urar ba ta goyon bayan wanda ya saye ta.

Ba za a iya yi mata maguɗi ba?

Za a iya. Ana iya kwance ta a ajiye a gaban mota a mayar daf da isowa, ko a sauya naɗin. Maganinsa hatimi mai lamba a kan akwatin da kan kusoshin, da sa hannu a farkon naɗin, da hoto. Ƙwararre kuma yana gane takardar da ba ta yi tafiyar ba: kowane sashe na hanya yana da irin sawun da yake bari, na teku daban, na kwalta daban, kuma kwanakin zaman tasha layi ne shiru. Idan sawun bai dace da littafin tafiya ba, akwai magana.

Mene ne bambancinta da 'yar alamar nan da ke komawa ja?

Irin su ShockWatch ɗan bututu ne da ke rinewa ja idan bugu ya wuce wata iyaka, TiltWatch kuma tana rinewa idan an karkata kaya ya kai digiri 80. Suna da araha, kuma ganinsu kaɗai na sa masu lodi su yi hattara. Amma abu ɗaya suke faɗa: an buga. Ba su faɗin yaushe, ko sau nawa, ko a hannun wa. Sun dace da kwalin kwamfutoci, ba su isa ga kayan biliyoyin naira ba.

Jirgin sama yana karɓar ta?

Cikin sauƙi. Na'urorin dijital da yawa batir ɗin litiyam gare su, wanda ke cikin jerin kaya masu haɗari a dokokin IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, mai turo saƙo kuma sai kamfanin jirgin ya amince da samfurinta tukuna. Mai allurar da injin agogo ke ja ba ta da batir, ba ta fitar da sigina. Haka nan a wuraren da ake tsoron tartsatsi, kamar matatun mai da rumbunan gas.

A ina ake ɗaura ta?

A jikin kayan kansu, a wuri mai ƙarfi da ba ya lanƙwasa, da kusoshi. Ba a jikin akwatin katako ba, ba a kan tirela ba, ba kuma a kan murfi ko siririn ƙarfe mai kaɗawa ba. Kibiyar da ke jikinta ta fuskanci tsawon kayan, in ba haka ba za a karanta bugun gaba a matsayin na gefe. Kaya masu tsawo a sa musu biyu, ɗaya a kowane ƙarshe. Kafin a rufe, a rubuta rana da lokaci, a kuma faɗi agogon wace ƙasa aka bi, domin tsakanin Shanghai da Legas akwai awa 7, kuma awa 7 sun isa su mayar da laifin tasha ya zama na jirgi. A ɗan ƙwanƙwasa akwatin a ga allurori uku sun motsa. A duba takardar shaidar gwajinta, sifirin yana gajiya da shekaru.

An buɗe an ga allura ta wuce iyaka. Sai me?

Kada a sa hannu a kan cewa an karɓi kaya lafiya. A rubuta abin da aka gani a jikin takardar karɓa, direba ko wakilin mai jigila ya sa hannu, a ɗauki hoton naɗin tun yana cikin akwatin kafin a ciro shi. Asalin takardar ta zauna a hannun mai kaya, sauran a ba su kwafi. A rubuta wa mai jigila da kamfanin inshora da masana'anta a ranar, ko da ba a tabbatar da ɓarna ba tukuna. Kada a matsar da kayan daga inda suke sai mai binciken inshora ya zo.

Daga nan aikin injiniyoyi ne. Ga taransfoma, za a duba ko matsin iskar da ke cikin tankin yana nan, a auna ko jibgin ƙarfen ciki bai taɓa tanki ba, sannan a yi gwajin SFRA, wanda ke tura sigina cikin naɗin waya a kwatanta amsar da wadda aka ɗauka a masana'anta kafin tashi. Saboda haka a nemi sakamakon gwajin masana'antar tun lokacin oda, a tabbatar ya biyo kayan. Idan layukan biyu suka saɓa, sai masana'anta ta turo mutuminta ya shiga cikin tankin ya duba tokarin da idonsa, kafin a zuba ko ɗigon mai.